Ƙwaryar Barmani da 'ya'yanmu mata

A bikin rufe shekarar karatu da ya wuce, 'yan matan ajina a nan Filinge sun kifa ƙore uku sun yi waƙar gaɗa. Washegari wani uba ya tare ni a ƙofar makaranta ya ce: "Malam, karatu na kawo ta, ban kawo ta ta zama zabiya ba." Na fahimci tsoronsa, amma ban yarda da shi ba.

Iyayenmu mata sun daɗe da nasu rukunin mawaƙa tun kafin jita ta shigo ƙasar Hausa, wato masu kiɗan amada. Mace guda ke bayar da waƙa, sauran na amshi suna kaɗa ƙwarya, wata a kife kan ruwa, a cikin gida wurin biki ko suna, inda maza ba su shiga. Uwaliya Mai Amada ta yi suna da shi, sannan Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa a jihar Katsina ta fito da shi fili ita da 'yan amshinta. Kasakasanta sun ƙetaro iyaka har Nijar, kuma har ta rasu a 2013 ba ta bar ƙwarya ba.

Na san wasu waƙoƙinta akwai maganganun da ba na yara ba, kuma ba zan sa su a aji ba. Amma wannan matar ce ta yi ta yi wa matan kulle huɗuba su kama sana'a, su daina jiran miji ko a kuɗin gishiri. Ta yi maganar kishi da haihuwa da zaman aure a lokacin da ba mai tambayar mace ra'ayinta.

Mu dubi maƙwabtanmu Buzaye. Fatou Seidi Ghali, 'yar ƙauyen Illighadad a jihar Tawa, ta koyi jita da ta ɗan'uwanta, ta haɗa ta da kiɗan tande na mata, wanda ake yi da turmi da ƙwarya kan ruwa. Faifan Les Filles de Illighadad na farko ya fito a 2016, daga nan suka zaga Turai da Amurka. Kiɗan kakanninsu ne ya kai su.

Mu a Kurfai fa? Tsofaffin da suka san waƙoƙin daka da niƙa da na dandali suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yanmu kuwa abin da waya ta ba su suke haddacewa, ba tare da kowa ya tace musu ba.

Malamai, mu aiki kowace yarinya wurin kakarta ta rubuto waƙa ɗaya, mu yi darasin karatu da rubutu da ita. Iyaye, ku zo ku saurara kafin ku hana. Shi wancan uban na gayyace shi bikin bana, ya ce zai yi shawara.