Ba Kowane Farin Tabo Ne Kuturta Ba

A hutun Babbar Sallah na leƙa gida Turba. Ban gama gaisawa da jama'a ba Gwaggo ta ja ni ɗaki, ta kira jikarta, yarinya 'yar shekara goma sha bakwai. "Dakta, duba min hannun ɗiyar nan." Na tuna mata cewa daktancina na littafi ne, ba na allura ba. Ta ce duk ɗaya ne. A bayan hannun yarinyar da gefen bakinta akwai tabo fari fat kamar an ɗiga nono. Dangin wanda ya kawo kuɗin gaisuwarta sun janye jiki, domin raɗe-raɗin kuturta ya zaga gari.

Launin fatarmu yana zuwa ne daga wani sinadari mai suna melanin, wanda wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fata suke sarrafawa. Idan suka yawaita aiki a wani gurbi sai ya yi duhu, idan suka gaza ko suka mutu sai ya yi haske. Dalilan hakan suna da yawa, kowanne da maganinsa.

Kyasfi, wanda ya fi addabar matasa a ƙirji da baya, naman gwari ne mai son zafi da gumi, kuma ƙasar Gobir ba ta rasa ko ɗaya daga cikinsu ba. Man shafawa ko sabulun ruwa mai ketokonazol yana kashe shi, sai dai launin fata kan ɗauki watanni kafin ya daidaita. Duhun da ke fitowa a kumatu da goshin mai juna biyu kuwa, sauyin sinadaran jiki ne da zafin rana, kuma sau da yawa yakan dushe bayan haihuwa.

Tabon kuturta yana da alamar da ta raba shi da sauran: ba ya jin taɓi. A sa mutum ya rufe ido, a shafa auduga a kan tabon. Idan bai ji ba, a garzaya asibiti. Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, ba gado ba ce, ba kuma la'ana ba. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta, ana sha wata 6 ko 12, kuma da an fara sha mutum ya daina yaɗa ta. A jiharmu asibitin Amanawa ya daɗe yana wannan aiki. Jinkiri ne ke cin yatsu.

Jikar Gwaggo ta ji audugar sarai. Daga baya na kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, likitan fata ya tabbatar mana cewa bitilaigo ce. A wannan larura garkuwar jiki ce ke afka wa ƙwayoyin da ke yin melanin. Tana shafar kusan mutum ɗaya cikin ɗari a duniya, ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko musabaha ko aure. Mayukan da likita ke rubutawa da gashin haske na musamman kan dawo da launi, musamman a fuska, amma yatsu sun fi taurin kai. 'Yar Najeriya ce, Ogo Maduewesi, ta fara gangamin wayar da kai a Legas a 2011, wanda ya zama ranar tunawa da larurar a duniya, kowace 25 ga Yuni.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kwalbar da na tarar a ɗakin: haɗin mai marar suna daga kasuwa, wai a haskaka sauran jikin ya saje da tabon. Irin wannan haɗi kan ƙunshi haidirokwinon, wanda yawan shafa shi ke barin baƙin tabon da ba ya gogewa, da mayukan sitiroyid masu sa fata ta yi sirara ta tsattsage, wani lokaci har da makuri mai lalata ƙoda. Ba banza ba hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Na san hanyar Isa da Sabon Birni zuwa Sakkwato ba ta biyuwa cikin kwanciyar rai a 'yan shekarun nan, ga tsadar mota. Don haka nake kira ga ma'aikatar lafiya ta jiha ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitocinmu su iya bambance waɗannan larurori, tun da gwajin farko auduga kawai yake buƙata. Limamai da masu unguwanni kuma su faɗa wa jama'a cewa yanke wa mutum hukunci da ido zalunci ne.

Na kai wa kawun yaron takardar likita da kaina. Ya karanta, ya yi shiru, ya ce zai sanar da 'yan'uwansa. Har yanzu muna jiran amsa. Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.