Kano zuwa Libreville: tafiyar awa biyu da ke cin yini guda

Duk wanda ya ɗora ma'auni a kan taswira zai ga tazarar filin jirgin Malam Aminu Kano da filin Léon-Mba na Libreville ba ta wuce kilomita 1,300 ba. Da jirgi zai miƙe kai tsaye, kimanin awa biyu ya isa. Amma tambayi Bahaushen da ke kasuwanci a Gabon, zai ce maka yini guda yake yi a hanya, wani lokaci har da kwana.

Dalili kuwa babu jirgin fasinja da ke haɗa biranen biyu kai tsaye. Ko dai matafiyi ya sauka Legas ko Abuja ya nemi wani jirgin, sau da yawa ta Lome inda kamfanin ASKY ke da cibiya, ko ya bi Ethiopian Airlines ta Addis Ababa. Wannan ta biyun fa ta haura kilomita 6,500, ninki biyar ke nan na ainihin tazarar. Sai ka ƙetare Afirka zuwa gabas, ka sake dawowa yamma, don kawai ka isa maƙwabcinka.

Abin ya samo asali ne daga durƙushewar kamfanonin da suka riƙe yankin: Air Afrique a 2002, Nigeria Airways a 2003, Air Gabon a 2006. Shugabanni sun ga matsalar tun da wuri. An cim ma matsayar Yamoussoukro a 1999 don buɗe sararin samaniyar nahiyar, sannan a Janairun 2018 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da kasuwar jiragen sama ta bai ɗaya. Sa hannu ya yi yawa, aiwatarwa ce ke jan ƙafa. Ga harajin filayen jirgi da ke ƙara wa tikiti tsada, ga kuma biza, tunda Najeriya tana ECOWAS, Gabon kuwa tana rukunin Afirka ta Tsakiya.

Kamfanoni za su ce fasinja ba su kai a buɗe layi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. To amma fasinjan da tsada ta kora ba ya shiga lissafinsu: shi ne yake shafe kwanaki a mota ta Kamaru, ko ya hau kwale-kwale daga gaɓar Oron yana kasada da ransa.

A wurinmu maganar ta fi ta kuɗi. Musulmi ba ya jinkirta jana'iza. Idan aka kira ka da asuba a Libreville cewa mahaifiyarka ta rasu a Kano, awa biyu za ta iya kai ka sallar gawa da azahar. Hanyar da ake da ita yanzu kuwa, zaman makoki kaɗai za ta kai ka.

Ba sai jirgi kullum ba. Ko sau biyu a mako ne, da zango ɗaya a Abuja kan tikiti guda, zai rage wahala sosai. Shugabannin al'ummar Hausawa a Gabon da 'yan kasuwar Kano su tattara adadin matafiyansu na shekara, su kai wa kamfanoni da hukumomin ƙasashen biyu. Kamfani alƙaluma yake ji, koke ba ya motsa shi.