TAKOBI YANA DA KUBE, BINDIGAR ƊAN SANDA FA?

Jama'ar ƙasar Kabi da ƙasar Gwandu, manoma da masunta da makiyaya, maza da mata. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi, ko a zaure ko a gindin bishiya, domin maganar ta shafi kowa.

To, lokacin zaɓe ya sake zagayowa. Masu neman kujeru za su zo muku da lasifika da ƙura, kowannensu kuwa zai buɗe baki da zancen tsaro. Wannan ya ce zai sayo motoci, wancan ya ce zai ƙaro bindigogi. Madalla, duk muna so. Amma akwai wani ɗan ƙaramin abu da ba a hawa mumbari da shi, domin ba ya jawo tafi: watau abin da ke riƙe bindigar nan a jikin ɗan sanda, kada ta suɓuce, kada a fizge, kada ta ɓace. A kansa mu ke so ku ba mu aron kunnuwanku.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu ya ga makaman kakanninmu, takubba da masu da baka. Ku tambayi tsofaffi yadda mayaƙan Kabi su ke fita. Takobi yana cikin kube, kuben yana rataye da hamila a kafaɗa, kibau suna cikin kwari. Jarumin da ya fito da tsirarar takobi soke a ɗamara, dariya za a yi masa, gama ko dai ya yanke kansa, ko wani ya zare masa ita a cikin turmutsutsu. Maƙeri ya gama aikinsa, sai baduku ya ɗauka. Makami bai cika ba sai da gidansa.

Yau fa? Kowa a cikinku ya sha gani, ran kasuwa ko a shingen hanya. Ƙaramar bindiga soke a ƙugun wando kamar wuƙar yankan farce. Babbar bindiga, wadda a ke kira AK-47, an rataye ta da igiyar ɗaurin akuya ko da tsumma, wata ma ba maratayi sam, sai dai a riƙe ta a hannu wuni guda, in hannu ya gaji a jingine ta a jikin itace. Gidajen harsashi biyu an naɗe su da salatif. Kada wanda ya ce muna zagin kurtu. Kurtun nan ɗanmu ne, ƙanenmu ne, abin da aka miƙa masa da shi ya ke aiki, kuma albashinsa bai kai ya sayi na kirki da kuɗinsa ba. Tambayarmu tana wuyan masu sayo kaya da masu sa hannu a kasafin kuɗi.

Ga abin da ya sa muka ce maganar ba ƙarama ba ce. Ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya binciki littattafan 'yan sanda na shekarar 2019, rahoton ya fito fili a farkon 2022. A ciki aka rubuta cewa zuwa watan Disamba na 2018, makaman da aka ba da rahoton ɓacewarsu sun kai 178,459, daga cikinsu 88,078 AK-47 ne. Aka kuma ce akwai bindigogi manya da ƙanana 3,907 da aka kasa gano inda su ke zuwa Janairun 2020. A watan Fabrairu na 2025 kwamitin Majalisar Dattawa mai bin diddigin kuɗin jama'a ya kira Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, a kan waɗannan 3,907. Rundunar ta kare kanta, ta ce wasu makaman suna hannun jami'ai a bakin aiki sa'ad da masu bincike suka zo, wasu an ƙwace ne bayan an kashe masu riƙe da su, wasu kuma an ƙwato. Mun ji, kuma gaskiya ce an kashe 'yan sanda da yawa a bakin aiki, Allah ya ji ƙansu. Amma ku yi lissafi da kanku. Ƙananan hukumomin ƙasar nan 774 ne. In aka raba 88,078 a tsakaninsu, kowace ɗaya ta tashi da AK-47 fiye da ɗari. Ko da rabin rabin wannan ne ya fita da gaske, ina ya tafi? Bindiga ba ta ruɓewa kamar tumatir. Tana nan a hannun wani.

Mu kuwa mun san irin hannun. A ran 17 ga Yuni 2021 aka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri aka kwashe ɗalibai da malamai, aka kashe ɗan sanda. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙasar Zuru, aka kashe fiye da 60. A watan Nuwamba na 2024 Lakurawa suka kora shanun mutanen Mera ta ƙaramar hukumar Augie, nan bayan Argungu, jama'a suka bi sawu, aka kashe mutum 15 ko fiye. Ba mu ce da bindigar gwamnati aka yi waɗannan ba. Makamai da yawa ta kan iyaka su ke shigowa, musamman tun da Libiya ta wargaje a 2011, ga mu kuma da iyaka doguwa da Nijar da Benin. Abin da mu ke cewa shi ne, ɗan ta'adda ba ya tambayar asalin bindiga. Wadda ya samu kyauta daga kafaɗar kurtu ta fi masa araha a kan wadda zai sayar da shanu ya saya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu bari mu faɗa muku yadda kuben bindiga na ƙwarai ya ke, domin in ɗan takara ya zo da daɗin baki ku san abin da za ku tambaye shi.

A Amurka, inda kusan kowane ɗan sanda ke yawo da ƙaramar bindiga a ƙugu, sun daɗe da lura cewa a kan kashe jami'ai da bindigarsu ta kansu: ana cikin kokawar kama mutum, sai ya miƙa hannu ya zare ta. Wani tsohon jami'in hukumar FBI mai suna Bill Rogers ya zauna a kan matsalar tun cikin shekarun 1970, ya ƙera kube mai makulli, ya kuma fito da hanyar gwada shi. Gwajin mai sauƙi ne. A sa wa mutum kuben da bindiga marar harsashi, wani ƙaƙƙarfa ya kama ta ya yi ta fizga ta kowace fuska har daƙiƙa biyar. In ta fito, ko kuben ya tsinke daga ɗamara, ya faɗi. In ta tsaya, kuma mai ita ya iya zare ta nan take, ya ci. Kamfanin Safariland ya sayi kamfaninsa a 1985, daga nan aka saba da kasa kube mataki-mataki. Mai mataki ɗaya, makulli ɗaya za ka buɗe kafin bindiga ta fito. Mai mataki biyu, biyu. Mai mataki uku, sai babban yatsa ya ture wannan, ya danne wancan, a jere kuma, in ka saɓa jeren ba ta fitowa. Mai ita ya san sirrin, baƙo kuwa sai ya yi ta ja a banza, kafin nan an murɗe masa hannu.

Wanne ya dace da mu? Ku tuna ranar kamun kifi a Matan Fada, sa'ad da dubban mutane ke rugawa ruwa da homa da gora, ga 'yan kallo kafaɗa da kafaɗa. Ku tuna babbar kasuwar Birnin Kebbi ana jajibirin salla, ko filin taron siyasa irin wanda za a yi ta yi kwanakin nan. Ɗan sanda mai kaki da ke tsaye cikin irin wannan cinkoso, wanda kowa ke ganin bindigarsa, kowa kuma ke iya gogarsa ta baya, a ganinmu mai mataki uku ya kamace shi, in ya yi ƙasa ƙwarai mai biyu. Ɗan sandan ciki, mai farin kaya, wanda tasa ke ɓoye a ƙarƙashin riga, shi mai ɗaya ya ishe shi.

Sai dai fa akwai sharaɗi, kuma a nan ne 'yan kwangila kan cuce mu. Makulli uku a hannun wanda bai saba ba tarko ne. Ranar da ya ke bukatar bindigarsa cikin ƙiftawar ido, ranar zai tsaya yana lalube. Saboda haka duk wanda ya sayo kube dole ya biya kuɗin horo, a yi ta zarewa ana mayarwa da bindiga marar harsashi har yatsa ya haddace, a tsaye, a zaune cikin mota, a kan babur, da dare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kowace irin bindiga da kuben da aka ƙera dominta, kamar takalmi da ƙafa. Wanda a ke cewa yana shiga kowace bindiga, ba ya riƙe ko ɗaya. Lalle ne ya rufe kunamar bindiga ruf, yadda yatsa ko bakin riga ko igiya ba za su taɓa ta ba. Sau nawa muka ji an ce harsashi ya suɓuce bisa kuskure, aka yi jana'izar direba ko mai talla? Bindigar da kunamarta ke rufe ba ta tashi da kanta.

Ƙasarmu kuma tana da nata hali. Ƙurar hunturu tana shiga makulli ta cushe shi. Ruwan damina da gumin bazara suna sa fata ta yi laushi, bakin kube ya saki. Don haka kada a sayo dubu goma a rufe a sito domin wani ya ci riba. A kawo kaɗan, a ba kurata a Kangiwa da Kamba da fadamar Argungu su yi hunturu da damina da su, su da bakinsu su faɗi wanda ya jure. Araha ba ta ado. Kuben mai makulli da roba mai tauri a ke zuba shi a masana'anta, wannan sai an sayo. Amma ɗamara mai kauri, da jakar ankwa, da maratayin kulki, da na oba-oba, me zai hana dukawanmu su ɗinka? Fatar ƙasar Sakkwato da Kabi ta yi suna har ƙetaren hamada tun kafin zuwan Bature. A ba su awo da sharaɗi, kuɗin ya tsaya a gida.

Wani zai ce, ai yawancin 'yan sandanmu doguwar bindiga su ke riƙewa, ƙaramar sai manya. Gaskiya ne. Ita doguwar, maratayi shi ne kubenta. Maratayi mai ƙarfi da ƙugiya ta ƙarfe, wanda ya ratsa ƙirji, shi ke ba kurtu damar sakin hannu biyu ya duba takardun mota ko ya sa ankwa, bindiga tana manne da shi. In an ture shi ya faɗi, tare su ke faɗuwa. Kuɗinsa bai kai na tayar mota ɗaya ba. A haɗa masa da jakar gidajen harsashi mai murfi, a huta da salatif.

Akwai kuma kube na uku, wanda ba a ɗaurawa a ƙugu: littafin ma'ajiyar makamai a caji ofis. Kowace bindiga tana da lamba. Wa ya ɗauka, ƙarfe nawa, harsashi nawa, yaushe ya dawo da ita, nawa ya rage? Masu binciken nan sun koka cewa ba a nuna musu takardun da doka ta ce a cike in makami ya ɓace ba. Manomin da bai san damin da ya zuba a rumbu ba, ta yaya zai gane ɓera na yi masa ɓarna? Ƙofar ƙarfe, kwado mai kyau, da baƙon mai ƙidaya da zai faɗo ba sanarwa, su ne maganin wanda zuciyarsa ta raya masa ya ba da hayar bindiga da dare.

To, wa za ku riƙe? Dattawa sun tuna zamanin 'yan doka na En'e, lokacin da in ɗan doka ya yi ba daidai ba a kan kai ƙara fada. Gwamnatin soja ta Janar Gowon ta haɗe su cikin 'yan sandan tarayya, sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 kuma ya kafa runduna ɗaya ga ƙasa duka. Ke nan kuɗin kayan aikinsu daga Abuja ya ke fitowa, 'yan majalisar da ku ke zaɓa ne ke amincewa da shi. Jihar Kebbi tana da sanatoci 3 da 'yan Majalisar Wakilai 8. Argungu da Augie suna Kebbi ta Arewa, Birnin Kebbi da Kalgo suna Kebbi ta Tsakiya. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar asusun tallafa wa 'yan sanda, wanda aka kafa musamman domin horo da kayan aiki. Gwamnoni ma sukan sayi motoci da babura su miƙa wa rundunar, 'yan majalisar jiha 24 kuma su ke duba wannan kuɗin. Duk wanda ke neman ɗaya daga cikin kujerun nan, ba shi da bakin cewa ba ruwansa.

Saboda haka in ya zo garinku, bayan an gama kiɗa da kirari, wani dattijo ya miƙe ya ce: "Ranka ya daɗe, mun ji zancen motoci. Bindigogi nawa ne a caji ofis ɗin ƙaramar hukumarmu, yaushe rabon da a ƙidaya su? A cikin kuɗin da za ka sa wa hannu, nawa ne na kube da maratayi da horo? In aka sake kawo rahoton ɓatan makamai gaban majalisa, za ka tashi ka yi magana, ko za ka fita shan iska?" Mata ma ku tambaya, gama ku ne a ke bari da marayu, na kurtu da na manomi. Ku sa malamin makaranta ya rubuta amsar da ya bayar, da rana da wata, a ajiye takardar wurin mai gari. In ya dawo bayan shekara huɗu, a ɗauko ta a karanta masa a gaban jama'a kafin a ba shi ruwa.