Halal Ba a Bakin Wuƙa Kaɗai Take Ba

 

Ya 'yan'uwa, mu mutanen Karaye da Rogo ba mu wasa da yanka. Da za a ji cewa wani mahauci ya bar bisimilla da gangan, ko kyauta ba mai karɓar namansa. Madalla da wannan. Abin da ke damuna shi ne halin da dabbar ke shiga kafin ta kai ga wuƙa.

Ku dubi hanyar kasuwa ranar da take ci: akuya biyu ko uku an ɗaure su tamau a bayan babur, kaji a rataye kai a ƙasa cikin tsakar rana. Saniya ta gaji ta durƙushe, sai a murɗe mata wutsiya, a rufe ta da sanda. Waɗanda ake lodawa a tirela zuwa Legas kuwa, tafiyar kilomita kusan 1,000, ƙaho da ƙaho suke, ruwa sai wanda Allah Ya ciyar.

Alhali hadisi na 17 cikin Arba'una ta Imamu Nawawi, wanda yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, yana koyar da cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har ya umurci mai yanka da ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. An kuma ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya ga wani ya kayar da tunkiya yana wasa wuƙa a gabanta, ya tsawata masa don kada ya haɗa mata mutuwa biyu. Malamanmu na Malikiyya sun karhanta fara fiɗa kafin rai ya gama fita. Amma a mayankarmu sau nawa ake jira, musamman jajiberin Sallah?

Wani zai ce kasuwa ba ta jira, kuma babur ɗin shi kaɗai talaka ya mallaka. Gaskiya ne. Sai dai shayar da dabba, da sassauta igiya, da kautar da ɗaya daga ganin yankan 'yar'uwarta, ba su cin ko sisi.

Tun 2024 Masarautar Karaye ƙananan hukumomi biyu kacal ta ƙunsa, Karaye da Rogo. A ganina wannan ƙaranci dama ce. Sarakunan pawa ba su da yawan da za a kasa tara su zama guda tare da limamai, a tsayar da ƙa'ida, a kuma sa wanda zai riƙa duba ta a kara da mayanka kowace ranar kasuwa.