Wa Zai Biya Mu Safiyarmu?

Kafin a idar da sallar asuba, bakin titin Maraba da Nyanya, hanyar shiga Abuja, ya riga ya cika maƙil. Masu gadi, masu shara, masinjoji, malaman makaranta, kowa ya zuba ido yana jiran bas. Ƙarfe nawa za ta zo? Allah masani. Ba jadawali, ba wanda za ka tambaya. In kuwa ta ɓullo, sai mai ƙarfin damtse. A tsaga maka riga, a taka maka ƙafa, a zare maka waya cikin turmutsutsu. Tsohuwa da mai goyo tun da wuri suke ja gefe, don sun san wannan kokawa ba tasu ba ce.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, hukuma da hannunta ta jefa mu cikin wannan hali. A 2006, lokacin El-Rufa'i yana minista, aka kori 'yan acaɓa daga tsakiyar Abuja. A 2013 aka hana ƙananan bas-bas ɗin nan koraye shiga gari, wai manya za su maye gurbinsu. To, ina manyan? An ƙwace mana gora, aka yi mana alkawarin rijiya, ga mu har yau da ƙishirwa. Sai kuma ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo.

Wanda ya gaji da jira, sai ya faɗa duk motar da ta tsaya masa. Nan 'yan wan-cans ke cin kasuwarsu: su ɗauke ka kamar fasinja, su kwashe abin da ke jikinka da na asusunka, su watso ka kan kwalta. Sannan a fito rediyo ana mana wa'azi, wai mu daina shiga motar da ba mu sani ba. Wacce muka sani?

Ran Litinin da ta wuce, awa biyu na yi a tsaye, rana ta same ni a inda asuba ta bar ni. Na isa ofis gumi sharkaf, takalmi duk ƙura. Maigidanmu, wanda direba ya ajiye a bakin ƙofa, bai ko amsa gaisuwata ba. Agogo ya duba, ya jawo littafin zuwa aiki, ya ja jan layi a ƙarƙashin sunana.