Taskar Adar tana Yamai, Malaman Adar Suna Jira

Babu mai musun alherin da marigayi Bubu Hama ya yi wa ƙasar Nijar. A lokacin da yake shugabancin Majalisar Dokoki, daga 1958 zuwa 1974, ya dage wajen tattara rubuce-rubucen hannu na Larabci da na ajami daga sassan ƙasa da maƙwabtanta. Abin da ya tara shi ne tushen sashen da ake kira MARA a cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, inda aka adana rubuce-rubuce wajen dubu huɗu. Gidauniyar Al-Furqan ta London ta buga jerin sunayensu cikin Larabci a shekarun 2000. Wannan ita ce babbar taskar hukuma a wannan fanni, kuma abin alfahari ce. Sai dai akwai masu ganin cewa da an kai takarda Yamai an sa ta a kabad, to an sauke nauyi. Da su ake wannan magana.

A dubi malamin makaranta a Madawa, ko Buza, ko Keita, wanda aka ɗora wa koyar da tarihin ƙasarsa. Tsakaninsa da waccan taska akwai tafiyar kilomita ɗari biyar ko fiye, da kuɗin mota, da masauki, da neman izinin barin aji. Alhali ƙasar da yake takawa ba baƙuwar alƙalami ba ce. A jahar Tawa aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Maratta, cikin 1754. Malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a Arewa kusa da Madawa kabarinsa yake. Yankin da ya raini irin waɗannan mutane ai bai kamata ɗansa ya riƙa jin labarin littattafansu kamar labarin wata ƙasa ta bayan teku ba.

Haka abin yake ga binciken zamani. A 1975 IRSH ta buga littafin Jibo Hamani kan Adar kafin zuwan Turawa, wanda ya bi diddigin sarautar da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya kafa bayan yaƙin 1674. A shekarar kuma ta buga na Nicole Echard kan tarihin manoman Adar. Daga bakin wa aka ɗebo yawancin abin da ke cikinsu? Daga dattawan Adar, da maroƙa, da maƙera, da masu riƙe da asalin gidaje, waɗanda suka zauna kan tabarma suka ba da labari da Hausa. Labarin ya fita daga bakinsu da Hausa, ya sauka kan takarda da Faransanci, ya zauna a babban birni. Jikokinsu su ne ke zaune a aji yau. Jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan Jibo Hamani, kuma hakan daidai ne, amma girmama marubuci shi ne a karanta shi a garuruwan da ya rubuta tarihinsu.

Ba tsohon tarihi kaɗai ba. Aikin raya ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984 da kuɗin Italiya tare da hukumar FAO, ya bar rahotanni da taswirori da hotuna masu yawa. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka tare ruwa da su. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 sun zama abin misali a duniya. Ɗalibin Turai yana rubuta digiri a kansu, to ɗalibar Keita wadda kakarta ta yi dakon dutsen fa, a wane ɗaki za ta buɗe su?

Masu kare halin da ake ciki suna cewa tsohuwar takarda ba ta jure yawo, ga gara, ga damina, ga abin da ya faru a Tumbuktu cikin 2013 sa'ad da aka cinna wa rubuce-rubuce wuta a cibiyar Ahmad Baba. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a kwaso na asali a loda a mota. Kwafi ake nema. Darasin Tumbuktu ma hujja ce a kansu, domin abin da ke wuri guda shi wuta ke cinyewa a dare guda. Suna kuma cewa mutanen karkara ba sa karatu. Wannan ƙazafi ne ga garuruwan da kowace unguwa take da makarantar allo, kuma malamai ke ajiye littattafan gado cikin gafaka.

A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, harshe ba ya rayuwa da ayar doka. Idan da gaske ake, hukumomin al'adu da IRSH da Jami'ar Tawa su zauna da ƙungiyoyin malamai su tsai da ayyuka uku. A ware duk abin da ya shafi Adar da Gobir Tudu a cikin taskar, a ɗauki hotonsa, a ajiye kwafi a Madawa da Buza da Keita. A ba ƙwararru aikin mayar da littattafan 1975 ɗin nan biyu zuwa Hausa, da yardar masu haƙƙinsu. Sa'an nan a bi gidajen malamai a ɗauki hoton abin da ke hannunsu a gabansu, a bar musu kayansu, a rubuta sunan gidan a jikin kowane kwafi.