Kafin a ce maka "bod ya ƙone" ko "sai an yi fomat": zare kan tsohuwar kwamfutar tebur

1/ Ra'ayina ne, kuma na san wasu masu gyara ba za su ji daɗinsa ba: da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin tebur da ake yanke wa hukuncin mutuwa ba su mutu ba. Fomat ɗin nan da ake gaggawar yi kuwa, shi ne mafi munin abin da za a fara yi wa kwamfutar da ta ƙi tashi. Zare 🧵

2/ Ina nufin irin HP Compaq da Dell OptiPlex ɗin nan na gwanjo da suka cika shagunan buga takardu, da ɗakunan kwamfuta na makarantu, da ɗakunan ɗaliban da aljihunsu bai kai laftof ba. Ofisoshin Turai da Amurka sun gama cin moriyarsu, aka lodo mana su a kwantena da shekara goma ko fiye a ka.

3/ Idan ka danna maɓallin wuta, ba Windows ce ke fara aiki ba. Akwai wata 'yar manhaja a jikin bod, sunanta BIOS. Ita ke fara duba RAM da kibod da faifan ajiya, sannan ta miƙa wa Windows ragama. Farin rubutun da ke fitowa a baƙin sikirin kafin tambarin Windows, mafi yawansa maganarta ce.

4/ To ka ga ke nan, matsalar da ta tsaya a nan fomat bai ma isa wurinta ba. Shi faifai kawai yake shafewa. Mutum na ciwon haƙori an yi masa aski, kuma askin ya tafi da babi huɗu na furojek ɗinsa.

5/ Mai laifi na farko batiri ne, ɗan mitsitsi kamar kwabo, a maƙale jikin bod. Lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS lokacin da babu wuta. Irinsa ne a rimot ɗin motoci da yawa, masu gyaran agogo ma suna sayar da shi.

6/ Idan ya mutu, HP kan rubuta "162-System Options Not Set" ko "163-Time & Date Not Set". Dell kan ce "Alert! System battery voltage is low". Wasu bod ɗin su ce "CMOS checksum error". Duk magana ɗaya ce: na manta komai, a sake gaya mini.

7/ Wata alamar: kullum ka kunna, kwanan wata ya koma shekarun baya, burauza ta ƙi buɗe shafuka tana cewa haɗin ba amintacce ba ne. Sai a ɗora wa data laifi, ko a ce bairos ne. Agogo ne kawai ya ɓace, takardun tsaron shafukan suka ƙi daidaita da shi.

8/ Kuma a nan batirin ya fi wahala. Muddin kwamfutar tana jone da wuta, ko a kashe take, kusan hutawa yake yi. Da NEPA ta ɗauke, nauyin ya dawo kansa. Ka haɗa da watannin da ta yi a sito da kan teku kafin ta iso hannunka.

9/ Ga inda aka fi cutar mutane, ku karanta wannan sau biyu. Batiri ya mutu, BIOS ta koma saitinta na asali. Cikin abin da kan canza har da yanayin da bod ke magana da faifai: IDE, AHCI ko RAID. An saka Windows a ɗaya, yanzu an koma wani.

10/ Sai Windows ta fara tashi, ta faɗi da shuɗin sikirin. A Windows 7 lambar ita ce 0x0000007B, a Windows 10 za ka ga INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Faifanka lafiyarsa ƙalau, fayilolinka suna nan. Ka shiga BIOS, ka nemi saitin SATA, ka mayar da shi ɗaya zaɓin, ka adana. Idan bai yi ba ka gwada na gaba.

11/ Abin haushin shi ne fomat yana "gyara" wannan, tunda sabuwar Windows za ta zauna a kan sabon saitin. Mai gyara ya ga ta tashi, ya ƙara yarda da kansa, ka biya, ka yi godiya. Mataccen batirin yana nan a ciki, yana jiran ranar da zai maimaita.

12/ Haka "No boot device available". Wani lokaci faifan ne ya mutu da gaske. Amma kafin a yi masa sallah, a duba ko BIOS tana ganinsa, a duba jerin abin da take fara nema, a cire duk filashin da ke jiki, a danna wayoyin faifan su zauna sosai.

13/ "To na yi ta dannawa ta ƙi shiga BIOS ɗin." Na ji. Dell F2 ne, F12 kuma zaɓin abin da za a tashi da shi. HP F10. Lenovo F1. Bod ɗin haɗi irin su Asus da Gigabyte, Delete. Kada ka jira sai ka ga tambari, tsohon sikirin kan makara wajen farkawa. Da ka danna wuta ka fara bugawa ɗaya bayan ɗaya.

14/ Idan ta ƙi, zargi kibod kafin ka zargi bod. Kibod mara waya sau da yawa bai gama haɗuwa ba lokacin ya wuce. Sa mai waya, a ramin USB na baya, ba na gaba ba. Idan akwai zagayayyen rami mai ruwan shanshanbale, PS/2 ke nan: ari tsohon kibod ka jona shi kwamfutar tana kashe, sannan ka kunna.

15/ (Har yanzu ina dariyar saƙon nan da ke cewa ba a ga kibod ba, a danna F1 a ci gaba. Da me zan danna, Malam?)

16/ Tun daga Windows 8 akwai Fast Startup, wanda ke sa "Shut down" ba cikakken kashewa ba ne, kuma a wasu na'urorin yana hana ka samun damar shiga. Riƙe Shift lokacin da kake kashewa. Hanyar nan ta "UEFI Firmware Settings" da ake nunawa a YouTube kuwa, ba za ka same ta a injin da ke kan tsohuwar BIOS ba, kada ka wahalar da kanka.

17/ Sai kalmar sirri. Ofishin da ya yi amfani da ita a can ya kulle BIOS, aka sayar ba a cire ba. A yawancin waɗannan na tebur akwai ɗan jamfa a bod da aka rubuta PSWD kusa da shi. A kashe, a zare shi, a kunna sau ɗaya, a kashe, a mayar. Wannan na injinka nake faɗa, ba na ɗakin kwamfutar sashenku ba, don Allah.

18/ A ganina sayar wa mutum kwamfuta da BIOS a kulle ba tare da an gaya masa ba, ɓoye aibin kaya ne. Kafin ka biya, ka ce a shiga BIOS a gabanka, a canza agogo, a adana, a cire wuta gaba ɗaya na ɗan lokaci, a sake kunnawa. Kulle da batiri duk ka gwada su ke nan.

19/ Idan babu hoto sam sai ƙara "ƙit ƙit ƙit", ƙirga. Ba hayaniya ba ce, saƙo ne. A HP Compaq na ofis biyar RAM ne, shida ɓangaren hoto, huɗu wuta, biyu zafi ya yi yawa. Dell na da fitilu masu lamba a jiki. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta jawo biyar ɗin nan.

20/ Cire wuta, danna maɓallin kunnawa ka riƙe ragowar ta fita, taɓa ƙarfen akwatin, zare RAM, goge haƙoransa masu ruwan zinare da kilinar fensir, hure ramin, mayar har ka ji ƙas. In biyu ne gwada su ɗai-ɗai.

21/ Gargaɗi ga mai sabon saye: wasu tsofaffin akwatunan wuta suna da ɗan jan makunni a baya, 115 ko 230. Amurka na kan 120, mu muna kan 230. Ka jona yana kan 115, ƙara ɗaya za ka ji da warin ƙuna. Shi kuma akwatin wutar kada ka buɗe cikinsa, yana riƙe caji ko an cire waya.

22/ Ban ce bod ba ya mutuwa ba fa. Duba kafasitocin da ke kewaye da furosesa. Idan kansu ya kumbura ko yana tsiyayar wani abu ruwan ƙasa, mai gyara ya yi gaskiya. OptiPlex GX270 da GX280 sun yi suna da wannan ciwon. Ana iya canza su, amma a injin da ya tsufa haka ni ba zan zuba kuɗi ba.

23/ Kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da furosesan Intel ƙarni na 8 zuwa sama. Yawancin injinan nan ba su cancanta ba. Don buga takardu da karatu dai suna da sauran amfani, musamman in an sa SSD ko Linux Mint.

24/ Ranar da fomat ya zama dole da gaske, faifan ba a manne yake ba. A zare shi, a jona a wata kwamfutar, a kwashe fayilolinka a filashi kana tsaye, ka buɗe biyu ko uku ka tabbatar suna buɗuwa. Duk wanda ya ce maka babu lokacin wannan, ɗauki akwatinka ka gwada shagon gaba.